Shin Ƙuri'a Ta Isa Ta Raba 'Yan'uwa?

A wata ekklesiya da mu ke yi wa hidima akwai dattibai biyu, waɗanda ba za mu faɗi sunansu ba. Rana ɗaya aka yi musu baftisma a rafi ɗaya. Shekara 20 da wani abu suna zaune a benci ɗaya, su ne kuma su kan raba gurasa da ƙoƙo ran Jibin Ubangiji, in sun gama zaga jama'a sai kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa nasa rabo. Sa'anda matar ɗayansu ta rasu, ɗayan ne ya fara sa diga a kabarinta. Amma tun zaɓen shugaban ƙasa na ran 25 ga Fabrairu 2023 ba su ƙara gaisawa da baki ba. Ɗaya ya ce ɗan'uwansa ya sayar da masu bi, gama ya jefa ƙuri'a ga jam'iyyar da ta tsai da Musulmi biyu. Ɗayan ya ce shi ya zaɓi wanda ya ke tsammani zai kawo hanya da taki, ba kuwa zaɓen fasto aka yi ba. Ran Jibi na watan da ya biyo, muka ga ɗayansu ya miƙa wa kowa ƙoƙo, da ya zo kan ɗan'uwansa sai ya ajiye shi a kan tebur ya koma mazauninsa. Yaran da ke bayan majami'a sun gani.

Wannan abu ya dame mu ƙwarai, mun kuwa sani ba a wuri ɗaya kaɗai ya faru ba. Saboda haka mu ke so mu auna wannan tambaya tare da masu karatu: daidai ne mai bi ya yanke zumunci da ɗan'uwansa cikin Kristi saboda ƙuri'a? In ba daidai ba ne, ina iyakar siyasa a zuciyar mai bi, da wayarsa, da gidansa?

Ciwon ba sabo ba ne

Manzo Bulus ya sami labari cewa masu bi na Korinti sun rabu ƙungiya ƙungiya, waɗansu suna ɗaga sunansa, waɗansu na Afolos, waɗansu na Kefas. Bai yi murna da masu ɗaga nasa sunan ba, har da su ya tsauta wa, ya tuna musu wanda ya mutu dominsu. To, in manzo bai yarda a raba ekklesiya da sunansa ba, balle ɗan takara wanda bai san sunan ƙauyenmu ba?

Mu duba kuma cikin almajirai goma sha biyu. Matta mai karɓar haraji ne a Kafarnahum, yana cin abinci daga hannun mulkin da jama'arsa ke ƙi. Siman kuwa ana ce da shi Zaloti, watau mai zafin kishin al'umma, irin waɗanda ba su son jin ɗuriyar Romawa. Ubangiji bai jira su daidaita a kan zancen Roma ba kafin ya zaunar da su a tebur ɗaya, ya wanke ƙafafunsu duka biyu.

Iyayenmu ma sun sha wannan gwaji. An kafa NEPU a Kano a 1950, NPC ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, UMBC kuma ta fito a 1955. A waɗannan shekaru ne ekklesiyoyinmu suka fara tsayawa da ƙafafunsu, ECWA a 1954, TEKAN a 1955. Fasto David Lot na Panyam ya shiga siyasa ya shugabanci ƙungiyar Middle Zone League. Waɗansu masu bi suka bi wannan jam'iyya, waɗansu waccan, waɗansu kuma suka ce siyasa ƙazanta ce, kada mai bi ya taɓa ta. An yi gardama mai zafi. A 1966 soja suka rushe jam'iyyun nan duka. Ekklesiya tana nan har yau. Wanda ya rabu da ɗan'uwansa a 1959 saboda NPC ko UMBC, mene ne ya rage a hannunsa?

Ga kuma halin 'yan siyasa na yanzu, kowa ya sani. A zaɓen 2015 Tinubu, da Atiku, da Kwankwaso duka suna cikin APC. A 2019 Peter Obi ne mataimakin Atiku a takarar PDP. A 2023 su huɗun nan suka kara da juna, kowa a jam'iyya dabam. Su kan yi faɗa da rana su shirya da dare. Mu ne mu ke ɗaukar faɗan su zuwa gida mu kwana da shi shekara da shekaru.

Hakkin Kaisar da hakkin Allah

Kada wani ya ɗauka muna cewa mai bi ya janye jikinsa daga sha'anin ƙasa. Sa'anda aka so a kama Yesu da tarkon zancen haraji, ya ce a nuna masa kuɗin, ya tambayi surar wane ne a jikinsa, ya nuna cewa sarki yana da hakki nasa, Allah kuma yana da nasa. Tartuliyan, wani malamin ekklesiya na birnin Kartaj a Afirka ta Arewa, wajen shekara ta 200, ya lura da abin da ke cikin wannan amsa: kuɗi yana ɗauke da surar Kaisar, mutum kuwa yana ɗauke da surar Allah. Kuɗin dai a ba sarki, amma mutum da kansa na Allah ne.

Mene ne hakkin Kaisar a zamaninmu? Haraji na gaskiya. Addu'a, gama Bulus ya umarci Timoti a yi wa sarakuna addu'a a lokacin da Nero ke mulkin Roma, shi da ya tsananta wa masu bi. Neman alherin garin da mu ke zaune, kamar yadda Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila, su gina gidaje, su yi shuka, su roƙa wa birnin maƙiyansu lafiya. Sai kuma ƙuri'a. A 2023 mutum fiye da miliyan 93 suka yi rajista, amma wajen miliyan 25 kaɗai suka fita. Mun san waɗansu a cikinmu masu zafin baki a waya, waɗanda ko katin zaɓensu ba su karɓa ba. Mun san kuma waɗanda suka karɓi taliya da sabulu da turmin atamfa suka dangwala inda aka ce. Wannan cinikin Isuwa ne, wanda ya ba da gādonsa na ɗan fari domin abincin yini ɗaya.

Abin da ba na Kaisar ba shi ne zuciya, da lamiri, da begenmu, da ɗan'uwan da Kristi ya saya da jininsa. Ƙuri'a hukunci ne da mutum ya ke yankewa cikin rashin cikakken sani, yana auna wannan da wancan. Mutum biyu masu tsoron Allah suna iya auna abu ɗaya su saɓa. Ko harshe da haƙori ma su kan saɓa, ba su kuwa rabuwa da baki ɗaya. Amma sa'anda muka mai da ƙuri'a ma'aunin bangaskiya, mun ɗauki abin da ke na Allah mun ba Kaisar.

"Amma ana kashe mu"

Mun san abin da dattijo na fari zai amsa, ba kuwa za mu raina maganarsa ba. Zai ce, "Fasto, kana magana kamar wanda bai binne kowa ba." Zai ambaci 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a watan Afrilu 2014. Zai ambaci ƙauyukan Kudancin Kaduna, da mutanen Bokkos da Barikin Ladi da aka kashe a jajiberin Kirsimati na 2023. Zai ce a 1993 Krista da yawa sun zaɓi Abiola da Kingibe, Musulmi biyu, ba su ji tsoro ba, amma abubuwan da suka faru cikin shekara 30 ne suka cinye amana. Duk wannan gaskiya ne. Mu ma mun tsaya a bakin kaburbura.

Littafin Allah bai ce mu yi shiru ba. Natan ya tsaya gaban Dawuda ya gaya masa laifinsa. Yohanna Mai Baftisma ya tsauta wa Hirudus, ya rasa kansa. Bulus, bayan an yi masa dūka a Filibi ba shari'a, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasar Roma, har mahukunta suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Mai bi yana da hanya ya kai ƙara, ya rubuta wa wakilinsa, ya ƙi zaɓen azzalumi, ya faɗi gaskiya ko da za ta jawo masa wahala.

Amma kukan zalunci abu ɗaya ne, ƙiyayya wani abu ne dabam. Ba dattijo na biyu ne ya ƙone ƙauyuka ba. Kada kuma mu ɓoye namu hannu. Bayan zaɓen Afrilu 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana 3 a jihohi 12 na Arewa. An ƙone majami'u, an kashe masu bi, an kashe 'yan bautar ƙasa a Bauchi. A Zonkwa da kewayenta kuwa Musulmi da yawa ne suka mutu a hannun mutanen da a ke kira da sunan Krista. Jinin nan ma Allah ya gani.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwanda ƙasa ce wadda yawancin mutanenta an yi musu baftisma. A 1994, cikin kwana 100, aka kashe wajen mutum 800,000. A majami'ar Ntarama kaɗai wajen mutum 5,000 suka mutu, a wurin da suka gudu neman mafaka. Masu kisa da waɗanda aka kashe sun sha raira waƙa ɗaya ran Lahadi. Kabila da siyasa sun yi nisa cikin zuciya, baftisma ta tsaya a fata.

Abin da ke shiga ta kunne da ido

Ta ina irin wannan ƙiyayya ta ke shiga? A Ruwanda akwai gidan rediyo mai suna RTLM. Samari suna son sa saboda kiɗan zamani da barkwanci. Tsakanin kiɗa da kiɗa ne ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai, har kunnuwa suka saba.

Mu ma muna da namu. Roƙo da zambo tsofaffin sana'o'i ne a ƙasar Hausa, tun zamanin NEPU da NPC a ke yi wa abokan hamayya zambo cikin waƙa. Yau kowane babban ɗan takara yana da mawaƙinsa, waƙar kuma tana cikin aljihun kowane yaro. Mun taɓa jin yaran makarantar Lahadi suna raira zambon wani ɗan takara a filin majami'a, ba su san ma'anarsa ba, daɗin kiɗan ne ya kama su. Facebook da TikTok kuwa da talla su ke samun kuɗi, saboda haka su kan ƙara nuna wa mutum irin abin da ya tsai da idonsa. Ba kuwa abin da ke tsai da ido kamar abin da ke ta da fushi. Mutum ya kan kwana yana ganin muguntar waɗancan kaɗai, ya tashi da safe ya gaskata cewa ba mutumin kirki a cikinsu.

A watan Yuni 2018, sa'anda aka kai hari ƙauyukan Gashish a Barikin Ladi, hotuna masu ban tsoro suka bazu a Facebook. Daga baya BBC ta bincika, ta iske bidiyon wani mutum mai sara a ka an ɗauke shi a ƙasar Kongo tun shekarun baya. Hari dai an kai, mutane kuwa sun mutu, amma hotunan ƙarya sun ƙara wa wutar mai, aka tare hanya aka kashe matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Doka ta tara ta hana shaidar zur. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba ya ba da shaida, ko da yatsa ɗaya ya yi ta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

A cikin wannan hari ɗaya, Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar Yelwa, ya ɓoye Krista 262 cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Ubangiji ya taɓa ba da misali da Basamariye domin ya kunyata masu addini na zamaninsa. Mu tambayi kanmu, labarin limamin nan sau nawa muka tura, hotunan gawa kuma sau nawa?

Ba mu ce waƙa, ko fim, ko kallon ƙwallo zunubi ne ba. Bulus ya san mawaƙan Helenawa, ya kawo maganarsu cikin wa'azinsa a Atina, ya kuma yi misali da masu tsere. Ma'aunin shi ne, bayan mun kashe wayar, me ta bari a zuciya? In muna ƙara raina waɗansu mutane, muna ƙara jin nauyin yi musu addu'a, to abin da mu ke ci ba abinci ba ne. Har ma samarinmu na gidan kallon ƙwallo suna da abin koya wa dattibai. Mai goyon Arsenal da mai goyon Chelsea su kan yi wa juna ba'a har murya ta dushe, a tashi wasa su tafi wajen mai tsire tare.

Cikin gida

A gida ne a ke biyan bashin wannan abu. Mata a zumunta sun kawo mana kuka cewa maigida ya kan zauna a kan tabarma, tuwo yana hucewa, shi kuwa yana gardama da wanda bai taɓa gani ba. Addu'ar iyali ta dare ta mutu a gidaje da yawa, ba wanda ya hana ta, waya ce ta cinye lokacinta. Yaro kuma ba ya koyon abin da aka gaya masa kamar abin da ya ji uba yana faɗi sa'anda ya husata. In sunan da mu ke kiran maƙwabcinmu Musulmi, ko Bafulatani, ko ɗan wata jam'iyya a cikin ɗaki ba za mu iya faɗinsa a gabansa ba, mu sani muna shuka abin da 'ya'yanmu za su girba. Mun ga an fasa neman aure saboda jam'iyyar uba. Mun ga wa da ƙane sun daina taimakon juna a gona. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Laifinmu mu masu wa'azi

Ba za mu ɗora wa jama'a kaya duka ba. Mu fastoci muna da namu laifi, ya kuwa fi nauyi. Waɗansunmu sun hau mimbari sun ce Allah ya nuna musu wanda zai ci zaɓe. Da bai ci ba, ba su dawo sun roƙi gafara ba, sunan Allah ne ya sha kunya a bakin matasa. Waɗansunmu sun karɓi buhunan siminti da kwanon rufi daga hannun ɗan takara ana saura mako biyu zaɓe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bakin da ya ci na ɗan siyasa ba zai iya zama bakin Natan ba ranar da ɗan siyasan ya yi zalunci. Mu ma da mu ke rubuta wannan, mun taɓa sakin magana a wa'azi wadda kowa ya gane inda ta nufa, muka ga fuskar waɗansu ta canza, muka ji daɗin amin na sauran. Mun tuba da wannan. Aikin makiyayi shi ne ya koya wa garke adalci, da gaskiya, da tausayin matalauta, ya bar kowane mai bi ya shiga rumfar zaɓe da lamirinsa a gaban Allah.

Abin da za mu yi

Wani zaɓe yana zuwa, rigakafi kuwa ya fi magani. Mu karɓi katinmu, mu fita, kada mu sayar. Kada mu tura labari ko hoto sai mun san inda ya fito. Mu ajiye waya lokacin abinci da lokacin addu'ar iyali. Mu yi wa shugaban da ba mu zaɓa ba addu'a da sunansa, a gaban 'ya'yanmu. Majalisar dattibai ta kowace ekklesiya ta yanke shawara tun yanzu cewa ba za a ba ɗan takara mimbari ba, ba kuwa za a karɓi kyautarsa a lokacin neman ƙuri'a ba.

Wanda kuma ya ke riƙe da ɗan'uwansa a zuci, Ubangiji ya riga ya faɗi abin da zai yi cikin Matta sura 5: sulhu ya ke gaba da baiko. Zumunta a ƙafa ta ke. Kada ka aika saƙo ta waya, ka tashi ka tafi gidansa. Ba lalle ne ka ce ƙuri'arsa daidai ce ba, ba lalle ne shi ma ya ce taka daidai ce ba. Abin da za ku shaida wa juna shi ne, Wanda ya haɗa ku ya fi abin da ya raba ku.

Dattiban nan biyu, mun je wurin kowannensu sau uku. Ɗaya ya yarda zai tafi, ɗayan ya ce a ba shi lokaci. Cikin damina da ta wuce rufin ɗakin mai neman lokacin ya yaye, sai aka ga 'ya'yan ɗayan sun zo da kwano da ƙusa, ba wanda ya ce wa kowa kome. Har yanzu ba su miƙa wa juna ƙoƙo ba. Muna roƙon masu karatu su tuna da su cikin addu'a, kowa kuma ya duba ko akwai wanda shi ma ya ajiye wa ƙoƙo a kan tebur. Allah shi ba mu alherin yin haka tun muna da sauran kwana. Amin.